Gilashi a Sama, Madannai a Ƙasa: Tarihin Wata Waya da Ba Ta Yi Tsawon Rai Ba

A kan lamba 5 ta ƙananan wayoyi akwai wani ɗan tudu da bai kai ƙwayar gero ba. Mutum zai shekara goma yana dannawa idonsa bai taɓa lura da shi ba, amma babban yatsansa ya san da zamansa. Da gangan aka sa shi, domin makaho, ko mai lalube cikin duhu, ya gane tsakiyar madannai, daga nan ya ƙirga sauran lambobi. Wannan ɗan tudu ne ya sa na fara tambayar su wane ne ke yanke shawarar surar abin da muke riƙewa a hannu dare da rana, da kuma irin hannun da suke hasashe lokacin da suke zana shi.

Jerin lambobin kansa ya girmi wayar salula. A ƙarshen shekarun 1950, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, wani rukuni a ƙarƙashin John Karlin ya tara mutane yana gwada musu tsari iri-iri, fiye da goma: lambobi a da'ira, lambobi a sahu biyu, da sauransu. Ana auna saurin kowa, ana ƙirga kurakuransa, ana tambayarsa wanne ya fi kwanta masa. Tsarin da ya tsira shi ne 1, 2, 3 a sama, sahu uku, sifiri a ƙasa, kuma ya shiga kasuwa a 1963. Aikin masu zayyanar kayan masana'anta ke nan har gobe: a kalli mai amfani, a zana a takarda, a sassaƙa samfuri da soso ko katako a damƙa wa mutane, a gyara, sannan a kashe maƙudan kuɗi wajen ƙera mazubin da za a zuba roba. Maƙerin da ke gyara ƙotar fartanya daidai da tsawon manomi zai gane wannan aiki, sai dai shi yana ganin manomin ido da ido, su kuwa suna zana wa miliyoyin da ba za su taɓa haɗuwa da su ba.

Mu a arewacin Zamfara mun daɗe da zama ƙarshen hanya ga kayan da aka tsara a wata duniya. A 1929 layin dogo ya iso Kaura Namoda daga Zariya, ya tsaya cak, yana kwashe gyaɗa da auduga, yana sauke kayan Turai. Wayar salula ma haka ta zo. An yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta, layi ɗaya yana kaiwa naira dubu ashirin ko fiye. A shekarun ne aka haife ni, don haka wayar da na buɗe ido na gani a hannun iyayenmu ita ce Nokia 1100, wadda ta fito a 2003. An yi mata madannan roba guda ɗaya a haɗe don kada ƙura ta shiga, gefenta ba ya zamewa daga hannu mai gumi, ga tocila a ka. An sayar da fiye da miliyan 200. Sunan da matasa suka laƙaba wa irinta, a gafarce ni, shi ne “rakani kashi”, kuma duk rashin ladabin sunan, shaida ce cewa wanda ya zana ta ya yi tunanin garin da ba wuta.

A daidai lokacin wasu injiniyoyi na fama da wata matsala dabam. Gilashin shafawa yana son fili, madannai ma suna son fili, tafin hannu kuwa bai ƙaru ba. Ericsson R380 ta shekarar 2000 ta raba gardamar da murfi: madannai a kan murfin, in an buɗe shi sai dogon gilashi ya bayyana. A 2007 iPhone ta share madannan gaba ɗaya, duniya ta bi ta.

Nokia, wadda ta fi kowa sanin kasuwannin talakawa, ta gwada sulhu. A 2010 ta fitar da X3-02, gilashin shafawa mai inci 2.4 a sama, madannai a ƙasa. Wannan waya ce ta fi ɗaukar hankalina, domin kowane sashe nata yana nuna abin da aka sadaukar. An cire zoben nan na sama, ƙasa, hagu da dama, tunda yatsa zai yi aikinsa a kan gilashi. Don a rage tsawo, an ɗauke tauraro da sifiri da tsani daga sahun ƙasa aka jera su a gefen dama, wato an taɓa tsarin da yatsa ya haddace shekara da shekaru. A ganina nan aka yi ganganci: mai sayen waya mai madannai yana sayenta ne don kada ya duba, sai ga shi yana neman sifiri da ido. Gilashin kuma irin na matsi ne, fallaye biyu siraran da ke haɗuwa in an danna, saboda haka yana jin farce, yana jin tsinke, yana jin jiƙaƙƙen hannu. Gilashin manyan wayoyin yau lantarkin fata yake ji, shi ya sa yake ruɗewa in mace ta taɓa shi tana tsakar wanke-wanke. A 2012 Asha 202 ta biyo baya da sim biyu, ta mayar da sifiri mazauninsa. Amma alƙalami ya riga ya bushe. A 2014 Microsoft ya karɓi sashen wayoyin Nokia, kuma a shekarar aka sanar da rufe babin Asha.

Wanda ya gaji kasuwar shi ne Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da itel, wanda Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006. Bai wahalar da kansa da auren gilashi da madannai ba. Ya yi ƙanana masu gurbin sim biyu ko fiye, da batirin da ke kwanaki, ya kuma yi manya masu kyamarar da aka daidaita da baƙar fata.

Dole a faɗi abin da gilashi ya fi madannai. Lamba 2 tana ɗauke da A, B, C, lamba 3 da D, E, F, lamba 5 da J, K, L, babu gurbin ɓ, ɗ ko ƙ. Mun tashi muna rubuta “kasa” muna nufin ƙasa, “bata” muna nufin ɓata, har wasunmu suka kai jami'a hannunsu bai saba da lanƙwasa ba. Madannan da ke bayyana a gilashi ba a zuba su a mazubi, don haka ƙara musu harafi ba ya cin komai, kuma yau ana samun haruffanmu cikinsu. Saƙon murya na WhatsApp kuwa ya 'yantar da wanda bai yi boko ba daga rubutun baki ɗaya.

Duk da haka, duk wanda ya ratsa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis zai ga 'yan kasuwa da waya biyu, babba don hoto da saƙo, ƙarama don kira. Abin da Nokia ta so haɗawa a jiki guda, mutanenmu sun raba shi aljihu biyu, kuma suna da hujja. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, inda 'yan bindiga suka mayar da dare abin tsoro, hasken babban gilashi yana tona mai ɓuya, ita kuwa ƙarama ana iya kiran ɗan'uwa da ita tana cikin riga, yatsa na farawa daga tudun nan na lamba 5. Da aka katse sabis a faɗin jihar daga 3 ga Satumba 2021, manyan wayoyi suka zama madubi, ƙananan suka ci gaba da aiki a matsayin tocila da rediyo. A farkon 2023 kuma, lokacin ƙarancin takardun naira, tauraro da tsanin da aka taɓa turawa gefe su ne ƙofar banki ga wanda ba shi da data, muddin akwai sanda ɗaya ta sabis.

Masu gyaran waya a Kaura suna da nasu ma'aunin. Babbar waya in ta faɗi a kan kwalta, kuɗin sabon gilashinta yakan sayi ƙaramar waya sabuwa fil a kwali. Ƙaramar in ta faɗi, murfi ya yi gabas, batir ya yi yamma, mai ita ya tsince su, ya hure ƙura, ya harhaɗa, ya sake saita agogo.