Wayar Hannu Mai Araha da Ma'aikatan Kano

Da GSM ya shigo Najeriya a 2001, ma'aikacin masaƙa a Bompai ko na majema a Challawa sai dai ya hangi waya a hannun manaja. 'Yan kasuwar Farm Centre da titin Beirut ne suka kawo masa sauƙi, da wayoyin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai.

Amma wayar BlackBerry ta jawo wa mutane asara. Farashinta ya faɗi, masu ƙaramin albashi suka saya, sai WhatsApp ya daina aiki a kanta a ƙarshen 2017, kamfanin BlackBerry kuma ya rufe hidimarta ranar 4 ga Janairu 2022.

Shi ya sa yau leburan Sharada kan duba batir, ya tambaya ko manhajar wayar tana karɓar sabuntawa, sannan ya taya.