Rufe Tsohon Silin Asbestos da Silin Roba: Yadda Za a Kare Huhu

Tsofaffin gidaje da yawa suna da silin asbestos, har da ƙarƙashin bakin rufi ta waje. Muddin allon bai lalace ba, haɗarinsa kaɗan ne. Idan aka huda shi, ko aka yanka, ko aka kankare, sai zaruruwan da ido ba ya gani su tashi, a shaƙe su, su maƙale a huhu. Suna haddasa tabon huhu, kansar huhu da kansar tantanin da ya lulluɓe huhu, galibi bayan shekara 20 zuwa 40. Shan taba yana ƙara haɗarin kansar huhun. Birtaniya ta haramta asbestos gaba ɗaya a 1999.

Yaushe za a iya rufe shi?

Sai idan allon bai tsage ba, kuma ba ya marmashewa. In ya lalace, a nemi ƙwararru su cire shi.

Lokacin aiki

• Kada ƙusa ko noti ya ratsa allon. A kafa silin robar a jikin katakon rufi.
• A rufe tagogi, a nisanta yara.
• A sa takunkumi mai lamba FFP3. Na asibiti ba ya tare zaruruwan.
• A goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya.
• A sanar da duk kafintan da zai taɓa rufin nan gaba cewa akwai asbestos a ƙarƙashin robar.

Yaushe za a ga likita?

Duk wanda ya taɓa aiki da asbestos, ya ga likita idan yana fama da tari mai naci, ƙarancin numfashi ko ciwon ƙirji, kuma ya faɗa masa irin aikin da ya yi.