Gammo da Gizo: Abin da Kayan 'Yan Bama Ke Faɗa wa Marubuci

 Maƙalar wannan mako ta shafi wani tarihi da ke kwance a ƙasan gado da cikin tsofaffin akwatuna a gidajenmu, wato kayan da sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka dawo da su daga Bama.

A shekarar 1943 Turawan Ingila suka kafa runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, sannan ta 82 ta biyo baya. Najeriya ta ba da kaso mai yawa na mutanen, kuma Hausa ita ce harshen bariki. Ta hannun En'e ake neman samari a Arewa, ƙasar Yauri kuwa a lokacin tana ƙarƙashin Lardin Sakkwato. Aka loda su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga nan sai dazukan Bama, inda suka gwabza da sojan Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Su ne suka ƙwace garin Myohaung a watan Janairun 1945. Har gobe sunayen da suka samo asali daga yaƙin suna kan barikokinmu: Arakan da Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan, Chindit a Zariya.

Me sojan ƙasa yake ɗauka a jikinsa? Akwai ɗamarar da Ingila ta fito da ita a 1937, wadda aka saƙa da zaren auduga mai kauri maimakon fata: bel mai faɗi, igiyoyi biyu da ke haye kafaɗa, aljihuna biyu na harsashi a gaba, jakar baya, da gorar ruwa. Sai bindiga Lee-Enfield da wuƙar bakinta, kwanon cin abinci, malafa, da adda ta sare daji.

Sai dai abin da ya bambanta rundunonin nan da sauran shi ne 'yan dako. A dajin da mota ba ta shiga, an ɗauki dubban mutane aikin soja domin su ɗauki harsasai da abinci da magani a ka, su hau duwatsu, su ƙetare koguna. Jirgin sama ya jefo kaya, su kuma su kai shi bakin daga. Shi ya sa tambarin runduna ta 82 ya zama masu biyu a gicciye bisa gammo. Tambarin ta 81 kuwa baƙin gizo-gizo ne, wanda mutanen Gana ke kira Ananse, ɗan uwan Gizon tatsuniyarmu. Ku duba fa: gammon da mata ke naɗawa su ɗauko itace ko tulu, shi ne alamar rundunar da ta yi yaƙi a can gabashin duniya. Marubucin da ya san wannan ba zai rasa abin rubutawa ba.

Da aka sallame su bayan yaƙi, kayan da suka zo da su gida sai suka shiga hidimar yau da kullum. Gorar ruwa ta tafi gona, jaka ta koma ta mafarauci, adda ta ci gaba da aikinta har ta ƙare. A ƙasar Yauri kuma akwai ƙarin dalilin ɓacewa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyukan bakin kogi, aka tayar da mutane kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Wanda ke loda iyali da hatsi a kwalekwale ba zai tsaya neman tsohon bel ba. Abin da ya tsira a gidajen Yelwa, Birnin Yauri, Ngaski da Shanga, yau gara da tsatsa da 'yan jari-bola ne ke rabonsa.

A Ingila akwai masu tara irin waɗannan kaya da kuɗinsu, suna duba hatimin kamfani da shekarar da aka buga a cikin jaka. Su kaya suke nema. Mu kuwa muna da abin da ba su da shi: sunan mai kayan, garinsu, da jikokin da suka ji labari daga bakinsa. Isaac Fadoyebo, wanda aka harba a Kaladan, ya rubuta nasa labarin da Turanci, duniya ta san shi. Dubban da suka yi yaƙin da Hausa a bakinsu fa, wa zai rubuta nasu?

Don haka ga aikin mako. Ku tambayi tsofaffin gidanku ko akwai ɗan Bama a dangi. In an fito muku da jaka, ko lambar girma, ko takardar sallama, kada ku wanke, kada ku goge, domin tawadar hatimin tana fita. Ku ɗauki hoto ciki da waje, ku rubuta sunan mai shi da wanda ya ba ku labarin, ku mayar wa masu abu abinsu. Sannan ku zauna ku saurara kafin ku ɗauki alƙalami. Masu labarin kullum raguwa suke yi.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa albarka a alƙalumanmu.