Karatun Gaba da Digiri a Fannin Gudanar da Ayyuka

Gabatarwa

Gudanar da ayyuka fanni ne na ilimi da ke koyar da yadda ake tsara aiki mai farko da ƙarshe, kamar ginin asibiti, shimfiɗa hanya ko haƙa rijiyar burtsatse, har a kammala shi a kan lokaci, da kuɗin da aka ware, kuma bisa ingancin da aka amince da shi. Waɗannan abubuwa uku a ɗaure suke da juna. Idan aka gaggauta aiki, kuɗi kan ƙaru. Idan aka matse kuɗi, inganci kan ragu.

Bukatar masana wannan fanni a Nijeriya ba ɓoyayya ba ce. A shekarar 2011, kwamitin shugaban ƙasa na tantance ayyuka a ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Bunu ya ƙidaya ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 waɗanda ba a kammala ba. Haka kuma, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, abin da ya ƙara wa jami'ansu nauyin tsara ayyuka da bayar da bahasi a kansu.

Asalin fannin

A farkon ƙarni na 20 ne injiniyan Amurka Henry Gantt ya yaɗa jadawalin da ke nuna ranar farawa da ranar gamawa ta kowane ɓangaren aiki. A shekarun 1957 da 1958 aka ƙirƙiro dabarun lissafa jerin matakan da jinkirinsu ke jinkirta aiki baki ɗaya. A 1969 aka kafa cibiyar PMI a Amurka, wadda ke bayar da shaidar ƙwarewa ta PMP, sannan a 1996 Birtaniya ta fito da tsarin PRINCE2. A nan gida, an sa hannu a dokar kafa cibiyar ƙwararrun masu gudanar da ayyuka ta Nijeriya, wato CIPMN, a shekarar 2018.

Abin da ake koyarwa

Darussan sun haɗa da binciken yiwuwar aiki kafin a fara, tsara jadawali, ƙiyasin kuɗi, dokokin kwangila da sayen kayan gwamnati, hango matsaloli, sa ido da tantance sakamako, da kuma dabarun bincike. Ɗalibi a Nijeriya kan yi nazarin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP.

Misali shi ne aikin rijiyar burtsatse mai amfani da hasken rana. Dole ne a fara da binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa, sannan haƙa, sannan gwajin yawan ruwa, domin sakamakon gwajin ne ke nuna girman injin da za a saya. Ginin hasumiyar tanki kuwa ana iya yin sa a lokaci guda da haƙar. Jami'in da ya san wannan zai gane cewa jinkirin mako biyu wajen binciken ruwa na iya kai aikin cikin damina, lokacin da motar haƙa ba ta iya shiga ƙauyen. Zai kuma tabbatar an kafa kwamitin al'umma da zai kula da rijiyar bayan miƙa ta.

Matakan karatu

1. Difloma ta gaba da digiri, wato PGD: galibi shekara ɗaya. Ita ce gada ga masu babbar difloma ta HND da waɗanda suka fito daga wani fanni.
2. Digiri na biyu: galibi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, tare da rubuta kundin bincike. Akwai na ƙwarewar aiki, akwai kuma na zurfafa bincike, wanda shi ne hanyar zuwa mataki na gaba.
3. Digiri na uku: aƙalla shekara uku, domin masu niyyar koyarwa da bincike.

Daga cikin jami'o'in da ke da sashen wannan fanni akwai jami'o'in fasaha na tarayya da ke Minna, Owerri da Akure.

Sharuɗɗan shiga

Yawanci ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi. Digiri na farko ko HND. Takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa. Da cikakken sakamakon jarrabawa wanda tsohuwar makaranta ke aikawa kai tsaye. Matakin sakamakon da ake karɓa ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, saboda haka a duba sanarwar makarantar karatun gaba da digiri ta kowace jami'a.

Shawarwari

Kafin biyan kowane kuɗi, mai nema ya tabbatar cewa hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da jami'ar da kuma kwas ɗin. A kuma lura cewa shaidar ƙwarewa kamar PMP ba digiri ba ce, kuma ba ta maye gurbinsa. Ma'aikacin gwamnati ya nemi izinin tafiya karatu a rubuce ta hannun shugaban sashensa kafin ya yi rajista, domin karatun da aka yi ba tare da izini ba na iya rasa karɓuwa a wurin aiki.

A ƙarshe, ana shawartar jami'an ƙananan hukumomi da su zaɓi wani aiki na yankinsu a matsayin batun kundin bincikensu, domin al'ummar da suke yi wa hidima ta ci gajiyar karatun tun kafin a kammala shi.