Taron Ƙofar Fada: Talakawan Damagaram da Sarautarsu Cikin Shekara Ɗari

Duk wanda ya taɓa yin salla a Damagaram ya san yadda safiyar ranar take. Tun kafin a sauko daga idi jama'a sun cika hanyoyin Birni, yara bisa katangu, mata a bakin ƙofofin gidaje, tsofaffi kuwa sun nemi inuwa sun zauna. Da an jiyo kakaki da algaita sai kowa ya miƙe, don an san Mai Martaba Sarkin Damagaram yana tafe, dogarai na gaba, ƴaƴan sarki da masu sarauta na biye bisa dawaki. Ba wanda ya aika wa mutanen nan takardar gayyata, ba kuma wanda zai ci su tara in sun yi zamansu gida. To, me ke fito da su? Wannan ita ce tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu, tun da a 2023 aka cika shekara ɗari da maido da sarauta gidanta.

Kafin a gane darajar abin da aka maido, sai a tuna yadda aka rasa shi. A ƙarni na 19 Damagaram daula ce mai ƙarfi. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera igwa, ayarin fatake kuma na zuwa daga arewa da kudu. A 1898, zamanin Amadu Kuran Daga, aka kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder. Shekara ta zagayo sojojin Faransa suka iso, aka gwabza a Tirmini a 1899, daga baya aka kashe sarkin, Nasara suka naɗa Amadu ɗan Basa. A 1906 suka zarge shi da shirya masu tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa. Maimakon su naɗa wani daga zuriyar sarauta, sai suka danƙa riƙon ƙasa ga Bellama, ɗaya daga bayin fada, suka kuma yayyanka ƙasar kanto-kanto.

Nasara sun zaci duk wanda suka ɗora bisa karaga ya zama sarki. Talakawa kuwa suna bin umarni don babu yadda za su yi, amma sun san mai riƙo daban, sarki daban. A 1923 aka naɗa Barma Mustafa, ɗan gidan sarauta, ya yi mulki har 1950. Shekara uku bayan naɗinsa, a 1926, aka ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga Zinder zuwa Yamai. Gwamna ya tafi da ofisoshinsa da ma'aikatansa, fada ta tsaya inda take. Tun daga lokacin, ga mutanen garin nan, ƙofar fada ta zama wurin da suke ganin girman da ya rage masu, hawan salla kuma ranar nuna shi.

Sai dai littafin tunawa ba wurin ɓoye gaskiya ba ne. Ba kullum ne talaka ya dubi rawani da farin ciki ba. A zamanin mulkin mallaka, ta hannun sarakuna da masu gari ake karɓar haraji, ta hannunsu ake ɗibar matasa aikin soja da aikin tilas, wanda sai a 1946 aka haramta shi a ƙasashen da Faransa ke mulka. Magidancin da aka ɗauke masa ɗa ana tsakiyar damina bai ga fuskar kwamanda ba, dogari ya gani a ƙofar gidansa. Wannan ɗacin yana cikin abin da ya ba jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari farin jini a wurin talakawa a shekarun 1950. A ƙuri'ar raba gardama ta 1958 akasarin sarakuna suka goyi bayan zama tare da Faransa, Sawaba kuwa ta nemi a ce a'a. An samu saɓani a garuruwa da dama, har a cikin gida ɗaya. Duk da haka, mutanen da suka yi ƙorafi kan halin wasu masu rawani ba su daina zuwa kallon hawa ba, domin sun bambanta gadon sarauta da wanda ke zaune bisansa.

Nijar ta samu ƴancin kai a 1960 tana jamhuriya, kuma jamhuriya ba ta da sarki a bisanta. Amma babu gwamnatin da ta iya yi ba tare da sarakunan gargajiya ba. Janar Seyni Kunce, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ya dogara da su da kuma ƙungiyoyin samariya wajen isa ga mutanen karkara. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda ɗan garin nan, masanin tarihi Andre Salifu, ya shugabanta, aka fito da dokar 1993 mai bayyana matsayinsu, tsarin mulkin 2010 kuma ya ambace su a matsayin masu riƙe da ikon gargajiya. Ita kanta fadar Damagaram ta ga jarrabawa. Mai Martaba Abubakar Sanda Umaru, wanda ya hau a 1978, gwamnati ta sauke shi a farkon shekarun 2000, ya kuma komo karaga a 2011. Ra'ayoyi sun rabu a wancan lokaci, amma gardamar ita ce wa ya cancanci gadon, ba ko gadon ya cancanci zama ba.

Wanda ke son sanin zuciyar mutanen Damagaram game da masu mulki, ya dubi wasan kara. A nan ne matasa ke kwaikwayon manyan ƙasa, da tufafinsu da tafiyarsu da yadda suke magana, jama'a na dariya. Garin da ke faɗuwa gaisuwa ranar salla shi ne kuma garin da ke wannan wasa. Ma'anarsa ita ce talaka yana girmamawa, amma idonsa a buɗe yake, babu abin da ke wuce shi.

A yau akwai matasa, musamman waɗanda suka yi lakwal, da ke tambayar amfanin kashe dukiya kan dawaki da kayan ado a garin da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwan sha. Tambaya ce mai kyau, bai kamata a ɗauke ta rashin kunya ba. Amsarta ba ta cikin hawan kansa, tana cikin sauran ranakun shekara: rikicin manomi da makiyayi da aka sasanta a zaure kafin a zubar da jini, gardamar gona ko ta gado da aka kashe ba tare da an je kotu ba, kiran da fada ke yi a kai yara rigakafi da makaranta. Wanda aka share wa hawaye a watan Rajab shi ne ke tsayawa cikin rana ranar salla yana ɗaga hannu.

Hausawa sun ce sarki goma, zamani goma. Shekara ɗarin nan ta nuna mana cewa gwamnati na iya naɗawa, tana iya tuɓewa, amma taron ƙofar fada talakawa ne ke ba da shi, kuma aro suke bayarwa, adalci ne ke riƙe shi. Masu rawani na yau da waɗanda za su gaje su, ga amanar da aka bar maku. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.