Iskar Taya Ɗaya

Ɗan ƙanwata ne ya tono wannan zance. Wata Asabar bayan la'asar ya iske ni a zaure ina jera kayan shago cikin kwalaye, don tun watan jiya na mayar wa mai shagon makullinsa. Ido ya gaji, hannu ma ya fara rawa. Ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, a cikin waɗannan wanne zan saya?" Hotunan alƙaluman feshi ne reras, wasu kalar zinariya, wasu baƙaƙe. Ashe ya haɗa wani ƙaramin jirgin yaƙi na roba, sawun buroshi ya ɓata masa fiffike, shi ne yake son feshi. Na ce masa, da me za ka hura? Ya ce ai kowanne da ɗan injinsa maƙale a gindi, caji ake yi masa kamar waya.

Ban ba shi amsa a ranar ba. Raina ya sosu, ko da yake ba da shi nake ba. Shekara arba'in da ɗoriya na yi a wannan sana'a, kuma duk wanda ya zo mini da wannan tambaya daga alƙalamin yake farawa. Mu daga iska aka fara mana.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, asalinsa mai gyaran hoto ne a Sabon Garin Kano. Idan mutum ya rasu, iyalinsa su kawo ɗan guntun hotonsa na fasfo, ko wanda ya ɗauka cikin taro, a faɗaɗa, shi kuma ya zauna da alƙalaminsa ya shafe mutanen da ke gefe, ya yi wa bayan hoton hazo mai laushi, ya gyara naɗin rawani har ka rantse haka aka ɗauka. Alƙalamin nan Aerograph ne, ƙirar Ingila, zuriyar wanda Charles Burdick ya fara ƙerawa a Landan a 1893 bayan ya baro Amurka. Da famfon ƙafa yake hura shi, yana taka famfo yana feshi, ƙafa na aikinta hannu na nasa. Da injinan wankin hoto mai kala suka shigo, gyaran hannu ya mutu. Aka yi dace lokacin ne ake ta zanen Abuja, ofisoshin masu zanen gine-gine a Kano da Kaduna suna neman wanda zai yi musu samfurin gini na kwali da katako da za a kai gaban manya. Sai ya koma can da alƙalaminsa. Ni a 1978 na zo hannunsa, famfon ƙafar ya riga ya mutu, taya ta maye gurbinsa.

Tayar safiya ce ta Peugeot 504, da ƙarfenta. Kamfanin Badger na Amurka yana sayar da wani ɗan mahaɗi da ake ɗaura wa bawul ɗin taya don wannan aiki, amma mu wani maƙeri ne ya sassaƙa mana namu na tagulla, muka sa masa geji daga tsohon kayan asibiti. Kullum da safe aikina na farko shi ne in gara tayar nan zuwa wurin mai faci, ya cika ta har geji ya nuna 40, in garo ta gida. Wannan ita ce iskar yini. Maigida ba ya yarda a koma sau biyu, kuma ba don kuɗin ba, don sule nawa ne.

Abin da babu wanda ke koyarwa yanzu shi ne yadda ake kasa iskar nan. Taya ba ta riƙe ƙarfi ɗaya. Tun daga feshin farko take sauka. Saboda haka tun kafin ka taɓa kunama ka gama tsara yininka a ka. Iskar farko mai ƙarfi ta shimfiɗa ce, fenti mai ɗan kauri, wuri mai faɗi, hannu nesa da aiki. Idan ta sauko wajen 25 sai manyan launuka. Idan ta gangaro ƙasa da 20, a nan aikin gwani yake: ka ƙara tsinka fentin, ka matso da baki har kusan ya taɓa, ka ja bakin dabbare-dabbaren jirgin yaƙi, ka sa baƙin hayaƙi a bayan inji, ka yi inuwar ƙarƙashin rufin gini. Sannan akwai ragowar ƙarshe, wadda Maigida ke kira haƙƙin alƙalami. Ita ba ta aiki ba ce, ta wanki ce. Da ita za ka fesa tina har ta fito fes a kan farar takarda. Wanda ya cinye ta a kan aiki don zumuɗi, fenti zai kwana a cikin baki, gobe kuma sai an kwance komai. Sau ɗaya na yi haka. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Kai yaro, zo ka zauna," ya sa na kalle shi yana jiƙa bakin nan, yana zungura da gashin buroshi ɗaya tak, tun hantsi har azahar, ga aikin mutane yana jira. Ban sake ba.

Yadda yake gwada fenti ma ban ga mai yi ba yanzu. Ba ya awo da sirinji. Ya tsoma tsinke ya ɗiga a jikin kwalba, ya kalli yadda ɗigon ke gangarowa. Ya ce kamar madarar da aka tatso yanzu, kada ta kai kindirmo, kada ta zama tsala. Kuma komai tsabtar fenti sai ya bi ta cikin ƙyallen gyale mai shara-shara kafin ya shiga ƙoƙo.

Gine-gine su ne abincinmu, amma jirage su ne abin da zuciya ke so. A lokacin manyan kantuna na kawo Airfix, wasu a leda da ɗan kwali a sama, sikelin 1/72, da na Matchbox masu roba kala biyu ko uku, da 'yan gwangwanayen Humbrol masu cin mililita 14, kowanne da lambarsa a murfi. Daga baya muka ga Tamiya na Japan da tankokinsu na 1/35, muka san cewa akwai roba akwai roba. Kano kuwa gari ne da jirgi ya saba da shi tun 1925, yaro na iya tsayawa a bakin waya ya ga abin da yake haɗawa a gida yana sauka da gaske. Na tuna wani DC-10 da na yi wa fentin Nigeria Airways, kore da fari. Babu takardar liƙi mai tambarinsu, sai da na yanka giwar nan mai fiffike a jikin salatif da reza, ƙarama kamar ƙwayar gyaɗa, na fesa ta da iskar ƙasa da 20. Wannan ma ya zo ne bayan wahalar hunturu, bari in koma baya.

Littattafan da ake kawo mana daga Ingila duk gargaɗinsu a kan danshi ne. Ba wanda ya rubuta mana komai a kan hunturu. A watan Janairu fenti na bushewa a iska tun kafin ya isa jikin jirgi, ya sauka gari-gari, ka shafa ka ji kamar samfefa. Ga ƙura, wadda ko ka rufe ƙofa sai ta same ka. Mu muka gano maganinmu: a yayyafa ruwa a ƙasa, a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, a yi feshi daga sallar asuba zuwa fitowar rana, a kifa wa aikin kwali nan take. Da damina kuma sai matsalar ta juye, ruwa ya taru a tiyo, kana tsakiyar jan layi ya tofo maka ɗigo a fiffike. Kwalbar zuma muka huda wa murfi biyu muka cusa auduga, iska ta bi ta ciki. DC-10 ɗin nan sau uku na kankare shi a hunturu ɗaya kafin farinsa ya kwanta.

A 1986 Naira ta faɗi, kayan nan suka ɓace daga kantuna kamar an share. Sai roƙon ɗalibai masu dawowa daga waje da ma'aikatan jirgi. Humbrol ya ƙare muka koma fentin mota, wanda tinarsa ke cin roba, dole ka yi shimfiɗa sannan ka riƙa yayyafa shi sama-sama kamar raɓa. A shekarun nan ne kuma kowa ya koma kwamfresar firji: a ciro ta daga mataccen firji, a haɗa ta da tsohuwar tukunyar kashe gobara. Ba ta ƙara, amma tana tofin mai, kuma wanda bai sa mata bawul ɗin kariya ba yana wasa da ransa ne. Maigida bai taɓa yarda da ita ba. Har ya bar duniya taya yake amfani da ita.

Abu ɗaya da muka yi kuskure, kuma ina faɗa da babbar murya: ba mu rufe hanci. Muna shaƙar tina yini guda a ɗaki rufe, da yamma a sha madarar gwangwani wai tana wanke ƙirji. Ba ta wanke komai. Tarin da Maigida ya yi fama da shi a shekarunsa na ƙarshe har yau yana kunnena.

Da ya rasu ina Kaduna wajen wani aiki. Kafin in dawo an kwashe shagon an sayar wa 'yan jari-bola a kan sikeli. Aerograph ɗin nan da ya gyara fuskokin iyayen mutane ɗaruruwa ya tafi a kuɗin tagulla. Akwatinsa kawai na tsinta a bayan ƙofa, da allura ɗaya a cikin auduga. Wannan ciwon bai warke ba. Shi ya sa nake jin zafi idan yaran yanzu, masu injin yanka da haske da injin buga samfuri daga kwamfuta, suka ce mini alƙalami mai aiki ɗaya kayan wasan yara ne. Aikinsu na da kyau, ban hana ba, layinsu ya fi namu miƙewa. Amma na ga wanda ya sayi alƙalamin da ya fi albashin wata, allura ta lanƙwashe a mako na biyu, ya jefa shi a durowa don bai san ana miƙar da ita a kan dutsen wasa wuƙa ba.

Alƙalamina na farko Paasche H ne, mai aiki ɗaya, daga kamfanin da Jens Paasche, mutumin Norway, ya kafa a Chicago a 1904. Kunamarsa iska kawai take saki, yawan fenti kuwa da hannu kake murɗa bakin ka saita, kuma a waje suke haɗuwa da iskar, don haka wankinsa minti biyu ne. Baki uku gare shi, lamba 1 da 3 da 5. Ba zai ja maka layi kamar gashi ba, amma shimfiɗa da babban launi da ƙyalli na ƙarshe, har gobe ban ga wanda ya fi shi ba. Sai da na shekara goma sannan na riƙe mai aiki biyu, Iwata mai baki 0.3, wanda ka danna iska ka ja baya fenti. Ranar na san abin da aka hana mu, ba zan ɓoye ba. Amma hannun da ya riƙe shi ya riga ya san nisa da kauri da ƙarfin iska.

Da yaron ya dawo Asabar ta gaba na zaunar da shi na gaya masa abin da nake gani. Idan jirage da tankoki ƙanana zai yi, ya nemi mai aiki biyu, mai ƙoƙo a sama, don shi ɗigo biyar ma ya ishe shi kuma ba ya buƙatar iska mai ƙarfi kamar mai kwalba a ƙasa. Baki ya zama 0.3 zuwa 0.4. Kada kwaɗayin siririn layi ya kai shi ga 0.2, domin fentin ruwa irin su Vallejo da suke yayi yanzu yana daskarewa a tsinin allura a zafin nan namu, kowane minti biyu sai ya tsaya gogewa. Kafin ya biya, ya tambayi mai sayarwa ko yana da allura da baki na canji. Idan babu, ya bar shi komai arha, idan akwai ya haɗa biyu-biyu. Ya kula da 'yan bakunan nan masu zare, da an ɗan matsa sukan karye a ciki; Harder & Steenbeck na Jamus nasu zama kawai yake yi ba zare, shi ya sa nake son su ga mai koyo. Babban kuɗinsa kuma ya tafi ga kwamfresa mai tanki da geji da matarar ruwa, sai takunkumi mai gwangwanin tace tururi, ba na ƙyalle ba.

Ya ce, "To Kawu, ai tayarku ma sauka take yi, me ya raba ta da mai caji?" Tambaya ce mai kyau. Na ce taya a hankali take sauka, a gabanka, geji na gaya maka, kuma iskarta a kwance take fitowa. Irin waɗanda ya nuna mini ba tanki ba geji, iskar na zuwa da bugu-bugu, ga nauyin inji a rataye a hannun da ya kamata ya zama sakayau.

Kuɗinsa bai kai na kwamfresa ba tukuna. Na buɗe kwali na ciro Paasche ɗin da mahaɗin tagulla, muka ciro tayar safiya daga but ɗin motar mahaifinsa. Na hana shi taɓa jirgin. Na ba shi tsofaffin jaridu da tawada tsinkakkiya, na ce ɗigo-ɗigo, sannan layi, sannan da'ira. Ɗigon farko ya yi ƙafafu kamar gizo-gizo, na ja hannunsa baya kaɗan. Can wajen shafi na huɗu layinsa ya fara tsayawa, ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba, har alƙalamin ya yi shiru a hannunsa, tawada cike da ƙoƙo.

"Kawu, ta ƙare. Da me zan wanke?"

Na leƙa waje, rana ta yi ja amma ba a kira magariba ba. Na ce mai facin bakin titi bai tashi ba tukuna, ya je ya ce masa 40. Ya tayar da tayar tsaye ya gara ta ya fita, ni kuma na jiƙa bakin a tina kafin ya dawo.