Ƙudajen Preston da Hujjar McKeown

Bayan da Thomas McKeown ya fitar da littafinsa a 1976, ra'ayinsa na cewa ƙoshi ne ya rage mace-mace a Ingila, ba aikin hukuma ko na likita ba, ya samu gindin zama. Simon Szreter ya ƙalubalanci wannan ra'ayi a 1988. Inda hujjar McKeown ta fi yin tuntuɓe shi ne kan jarirai.

Daga shekarun 1870 abinci ya yi araha, kuɗin leburori ya ƙara auki, tarin fuka ya ja da baya. Duk da haka, cikin jarirai 1,000 da aka haifa a Ingila da Wales, wajen 150 ba sa cika shekara, kuma adadin bai ragu ba har ƙarshen mulkin Sarauniya Victoria; a 1899 ma sai da ya kai 163. A Preston, garin masaƙun auduga na Lancashire, yakan haura 200. In ƙoshi ne magani, me ya hana shi isa ga ɗan goye?

Mabiyan McKeown za su ce ai nan ma batun ci ne: uwa ta tafi masaƙa, an bar jariri da bulumboti da madarar gwangwani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin yaran da ke shan nonon uwa sun fi tsira. Sai dai ba ta faɗi dalilin da ya sa mutuwar ke jiran watannin zafi, daga Yuli zuwa Satumba, kafin gudawa ta kwashi yara ba. Madarar da aka ba jariri a Janairu ita ce ta Agusta. Abin da ya sauya shi ne salgar bayan gida da ake barin ƙazanta ta taru a ciki, da tulin kashin dawakin da ke jan kaya, da ƙudajen da ke tashi daga nan su sauka kan kwalba. Nigel Morgan ya bi wannan sawu a bincikensa na 2002 kan Preston, kuma da wuya a kawar da kai daga abin da ya nuna.

Amma hujjar ƙudajen tana da iyaka. Ba ta shafi jariran da suka mutu a makon farko ba, waɗanda lafiyar uwa ce ke yanke musu hukunci, kuma a can McKeown na iya samun mafaka. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne gudawar lokacin zafi, wadda ta sake yin mummunar ɓarna a 1911, alhali farashin burodi bai ba da dalili ba.